Yadda Ake Rubuta Sharhin Littafi Ko Fim Ɗin Hausa

Idan ka tambayi mutum yaya ya ga wani fim, amsar ba ta cika wuce "kai, ya yi kyau wallahi" ko "shirme ne kawai" ba. Ra'ayi ne, kuma kowa da nasa. Amma sharhi sai da dalili, irin dalilin da wanda bai kalla ba zai karanta ya san ko ya kashe datarsa ko ya adana ta.

Da farko ka gama aikin tukuna. Littafi ne, ka kai shafin ƙarshe. Fim mai dogon zango ne, ka faɗi iya inda ka tsaya, kada ka kalli kashi biyu ka yanke wa zango guda hukunci. Ni nakan bi abu sau biyu: na farko don jin daɗi, na biyu da biro da takarda, ina rubuta lambar shafi ko mintin da wani abu ya tsaya mini a rai.

Daga nan ka san zamanin da aikin ya fito. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, cikin littattafan wata gasar rubuta labarai da aka shirya a Zariya, sai a 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim. Wanda zai auna wannan fim da ma'aunin kyamarar yau ya zalunce shi. Haka littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano a shekarun 1990, da na yanzu da ake saki shafi-shafi a WhatsApp, kowanne da masu karatunsa da abin da ya sa a gaba.

Sai taƙaita labari. Layi uku ko huɗu sun isa: wane ne tauraro, me yake nema, me ya tare masa hanya. Kada ka tona ƙarshe. Ba abin da ke ɓata wa mai karatu rai kamar a gaya masa wa aka aura tun bai buɗe littafin ba.

Yanzu ga gundarin aikin, kuma a nan mafi yawanmu muke faɗuwa. Ka zaɓi abu ɗaya ko biyu, jigo ne ko salo ko zubin labari ko wasan jarumai, ka kafa hujja da fitowa guda. Na taɓa kallon wani fim inda aka zo wa wata uwa da labarin rasuwar ɗanta tana bakace. Ba ta yi ihu ba. Ta ci gaba da kaɗa faifan kamar ba ta ji ba, hatsin yana zuba ƙasa, can sai ta ajiye ta zauna a bakin turmi. Idan na rubuta wannan, ba sai na ce jarumar ta iya wasa ba, mai karatu ya riga ya gani. A wani fim ɗin kuma an nuna 'yar ƙauye tana daka da dogayen faratan kanti a hannu. Wannan ma ka faɗe shi, har da mintin, domin sakaci ne da darakta zai iya gyarawa gobe.

Ka kasa kunne ga harshe. Bakatsine yana magana da bakin Katsina? Tsohuwa tana magana kamar tsohuwa, ko an cusa mata kalaman 'yan jami'a? A littafi ka duba ƙa'idar rubutu, musamman raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa, don "ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne.

Abin da na fi roƙo shi ne a raba mutum da aikinsa. Jarumar da ta fito a muguwar kishiya rawa aka ba ta ta taka. Aurenta, shigarta a gida, da wanda take gaba da shi ba su da gurbi a sharhinka. Marubuciya ta kwana tana rubutu, wataƙila da jariri a baya, don haka ka faɗi kuskurenta da lafazin da za ka iya maimaitawa a gabanta.

Kafin ka saki, ka rubuta sunan marubuci ko darakta da shekarar fitowa daidai, ka faɗi wa aikin ya dace da shi, da ko za a iya kallonsa tare da yara a falo. Sannan ka karanta wa kanka da ƙarfi sau ɗaya, duk jimlar da ta yi yabo ko suka babu misali, ka kawo mata misali ko ka goge ta.