Yadda Mutumin Katsina Zai Shirya Tattaki a Ƙasar Sherpa

Yankin Khumbu na ƙasar Nepal, inda dutsen Everest mai tsayin mita 8,849 yake, mazaunin al'ummar Sherpa ne, mabiya addinin Buddha waɗanda kakanninsu suka ƙauro daga Tibet. Wanda ya tashi a Katsina, garin da bai wuce kimanin mita 500 bisa teku ba, ya sani cewa tsawo shi ne babban abokin gabarsa a can, fiye da sanyi da gajiya.

Shiri yana farawa daga gida. A nemi biza tun kafin tafiya, domin ba a ba mai fasfon Najeriya biza a filin jirgin Kathmandu, babban birnin Nepal. A ga likita a yi gwajin jini, kuma ina roƙon kada a raina wannan: mai ciwon sikila ya haƙura da tafiyar, wanda jininsa AS ne ma ya nemi shawara, saboda ƙarancin iskar shaƙa yana iya taɓa masa saifa. Tunda ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, sai a saba da hawa da sauka a matattakalar bene da jaka a baya, cikin takalmin da za a yi tafiyar da shi. A zaɓi Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba, a kauce wa damina.

Daga Lukla, inda ƙaramin jirgi yake sauke matafiya, kwana biyu ne a ƙafa zuwa garin Namche Bazaar, mita 3,440 bisa teku, kuma wajibi ne a yi kwana biyu a nan domin jiki ya saba. Daga nan kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya tsawo da fiye da mita 500. A sansanin gindin Everest, mita 5,364 bisa teku, iskar da huhu yake samu kusan rabin ta bakin teku ce, shi ya sa jagora yake ta maimaita “bistari, bistari”, wato sannu sannu. Idan ciwon kai ya ƙi sauka, ga amai, ga jiri, a faɗa masa nan take. Idan mutum ya fara tangaɗi ko numfashi ya gagara yana zaune, a sauko ƙasa ko da tsakar dare ne. Kunyar a ce ka gaza ta kashe mutane a wannan hanya.

Sherpa ba sa yanka dabba a yankin, don haka naman da ake gani a masauki ya kwana a bayan ɗan dako. A tsaya kan dal bhat, shinkafa da miyar wake, wadda ake ƙara wa mutum har ya ƙoshi. Alƙibla tana yamma, ba gabas kamar a gida ba, kuma a sayi ruwan ɗumi don alwala.

Idan aka iske tarin duwatsu masu rubutun addu'arsu, a bi ta hagu, a bar su a hannun dama. A cire takalmi kafin shiga wurin ibadarsu na Tengboche, a nemi izini kafin ɗaukar hoto. In aka ji ƙararrawar shanun yak tafe da kaya, a raɓe ta jikin dutse, kada a tsaya ta bakin kwazazzabo.