Babi na Bakwai: Wankan Tsuntsayen Gida

Da wuya ka shiga gida a ƙasar Hausa ba ka tarar da tsuntsu ba. Wani kaji ne da zabi a tsakar gida. Wani tattabaru ne cikin tukwane a kan katanga. Wani kanari ne a keji, a rataye a zaure, wani kuma aku ne da ke gaida baƙi. Abincinsu kowa ya san shi: gero, dawa, tsaki, dusa. Amma da na yi maganar wanka a aji, sai wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tsuntsu ma wanka ake yi masa?"

Na ce, "Inna, tambayarki ita ce darasinmu na yau. Ba a yi masa. Shi yake yin abinsa. Namu shi ne mu ajiye masa abin da zai yi wankan da shi."

A rubuta wannan jimla a allo, kowa ya kwafa a littafinsa: Tsuntsu shi yake yi wa kansa wanka.

Me ya sa gashi ke son wanka?

Gashin tsuntsu shi ne rigarsa, shi ne bargonsa, da shi kuma yake tashi sama. Idan datti ya maƙale masa, gashin ya kan cukurkuɗe, sanyi ya shiga, ƙuma da kwarkwata su sami wurin ɓuya.

Duk wadda ta taɓa fige kaza ta san wani ɗan ƙullutu mai maiƙo a saman bindinta, wanda ake yankewa a yar kafin a ɗora tukunya. Wannan ƙullutu shi ne kwalbar man kaza. Tana sa baki ta lakato man, ta bi gashinta ɗaya bayan ɗaya tana shafawa. Yawancin tsuntsaye suna da shi. Wanka yana sassauta datti ne kawai. Babban aikin yana zuwa daga baya, lokacin da tsuntsu ya koma gefe ya zauna yana tsefe gashinsa da baki. Idan ka gan shi cikin wannan hali, kada ka dame shi.

Daga nan za ku gane dalilin da ya sa sabulu da omo ba su da wuri a wankan tsuntsu. Suna wanke man nan tas, ruwa ya ratsa har fata. Ni ganau ne. Ina ɗan shekara goma yayana ya yi tafiya, ya bar mini kanarinsa amana. Wata safiya cikin hunturu na ga ƙura ta sa gashinsa ya yi ja. Na kama shi na tsoma a kwano da ruwan sabulu, ina ganin gata nake yi masa. Ya koma keji yana karkarwa, ya takure a ƙasa, bai hau sanda ba. Kafin la'asar ya mutu. Na yi shekaru ina jin abin a raina, kuma shi ya sa nake dagewa a kan wannan babi.

Masu wankan ƙasa

Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To, wanka ma na gidansu yake yi. Kaza, zabo, talotalo da fakara ba sa wanka da ruwa. Da ƙasa suke yi. Za ka ga kaza da rana ta tona ɗan rami a gindin katanga, ta kwanta da gefe, tana birgima, tana watsa ƙasa cikin fukafukanta. Can sai ta miƙe ta girgije, ƙura ta tashi. Wanda bai sani ba sai ya ce ɓata jiki take yi. Ƙasar nan tana tsotse maiƙon da ya yi yawa, tana kuma rage ƙwarin da ke cin jikinta.

Kajin da ke yawo a tsakar gida suna nemo wurinsu da kansu. Waɗanda ke tsare a akurki, ko a gidan da aka yi wa daɓen siminti, su ne abin tausayi. A samo musu tsohuwar taya ko fasasshen daro, a cika da ƙasa mai laushi da yashi, a barbaɗa tokar itace kaɗan a gauraya. Tokar itace na ce, ba tokar bola ba, inda aka ƙona leda da roba. A ajiye a ƙarƙashin rumfa don kada ruwa ya taɓa. Mata sun san ƙarfin ruwan toka da ake tacewa don miya. Jiƙaƙƙiyar toka tana iya cin fatar ƙafar kaza.

Akwai masu tsoma kaza cikin bokitin ruwa wai don ta bar kwanci. Ban goyi bayan haka ba. A kwashe ƙwan, a raba ta da wurin kwancin na 'yan kwanaki, za ta bari. In kuma zafin bazara ne ya sa kaji haki, baki a buɗe, fukafukai a sake, to a ba su inuwa da ruwan sha mai sanyi, a yayyafa ruwa a ƙasa a gindin bishiya su kwanta a kai. Tsuntsu ba ya gumi irin namu, hakin nan shi ne hanyarsa ta rage zafi.

Tattabara

Tattabara kam masoyiyar ruwa ce. Ajiye faffaɗan daro a tsakar gida, ka zuba ruwa zurfin tsawon yatsa ɗaya, ka ja da baya. Ɗaya za ta fara sauka, ta leƙa, ta sa baki, ta shiga. Kafin ka ƙifta ido sauran sun cika daron, suna ture juna. In ana yayyafi kuma, duba kan katanga: za ka ga tattabara ta karkata, ta ɗaga fiffike ɗaya sama don ruwa ya shiga hammatarta, sannan ta juya ta ɗaga ɗayan.

Bayan sun fita za ka ga wani farin abu yana yawo a kan ruwan kamar an barbaɗa gari. Kada ka tsorata, ba ciwo ba ne. Tattabara tana da wani irin lallausan gashi a ƙarƙashi wanda ke marmashewa ya zama hoda, kuma hodar ce ke taimaka wa gashinta ya yi santsi. Ita ce ke manne maka a hannu idan ka riƙe ta.

Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, a bazara a ƙara. Mai kwanci ma a bar ta ta fito ta yi, don mijin yana karɓarta kwanci, kuma ƙwan na buƙatar kwana 18 ne ko kusa da haka kafin ƙyanƙyasa. Ɗan shila wanda gashinsa bai gama fitowa ba, ba ruwansa da wanka. Abu ɗaya da za a kula: jiƙaƙƙiyar tattabara tana da nauyin tashi. Wannan ne lokacin da kyanwa da shaho suke jira. Zauna kusa har su bushe.

Kanari da ƙananan tsuntsayen keji

Kanari yana son wanka kusan kullum, amma ruwansa kaɗan ne. Murfin gwangwani mai faɗi ko ɗan faranti ya wadatar, ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya. Kwano mai zurfi da santsi haɗari ne, zai iya zamewa ya kasa fita. Sa farantin a kejin da hantsi, ba shi kamar rabin awa, ka cire. Idan ka ga yana ƙoƙarin cusa kai da ƙirji cikin ɗan kofin ruwan shansa, roƙonka yake yi ka ba shi wurin wanka. Lokacin da yake sauya gashi ya kan rage kuka ko ya yi shiru gaba ɗaya. Wanka na rage masa ƙaiƙayin sabon gashi.

Akwai kuma wasu ƙananan tsuntsaye masu lanƙwasasshen baki da doguwar jela, kore ko shuɗi ko ruwan ɗorawa, da ake sayarwa a kasuwannin tsuntsaye na birane. Asalinsu Ostireliya ne, ƙasa mai yawan fari, inda suke shafa jikinsu a jikin ciyawar da raɓa ta jiƙa. Saboda haka wani cikinsu zai yi wata guda bai kalli farantinka ba, amma ka wanke ganyen latas ka rataya masa da ruwansa, ka ga yadda zai yi ta murza jiki a ciki. Ko tsuntsaye biyu 'yan uwa ɗaya ba lalle halinsu ya zo ɗaya ba. Ɗaya ya faɗa ruwa, ɗaya ya tsaya kallo. Wanda ya ƙi, a bar shi, a sake gwadawa gobe.

Aku

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin aku baƙo ne a wurinmu. Aku mai launin toka da jar jela ɗan kurmi ne. Gidansu dazuzzuka ne masu yawan ruwan sama na Kamaru, Gabon, Kwango da kudancin Najeriya, inda iska ke da laima kusan duk shekara. Sai aka kawo shi Kano ko Damagaram, inda iskar hunturu ke fasa leɓe da diddige. Abin da hunturu ke yi wa fatarka, shi yake yi wa tasa, ga shi kuma yana da hodar nan irin ta tattabara, mai yawa. Akun da ya daɗe bai jiƙa ba ya kan yi ta susa. Bushewar fata na cikin abubuwan da ke sa shi fige gashin kansa, tare da kaɗaici da rashin abinci mai kyau.

Aku da yawa ba sa son daro. Ruwan sama suka sani, don haka sai a kwaikwayi ruwan sama. Sayi sabuwar kwalbar feshi irin ta masu aski. Sabuwa fil, wadda ba a taɓa zuba mata fiya-fiya ko maganin feshin gona ko turare ba, domin ko an wanke, saura kaɗan ya isa ya kashe tsuntsu. Zuba ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba, ba na firji ba. Kada ka auna fuskarsa. Fesa sama da kansa, ruwan ya sauko masa kamar yayyafi.

Yanzu sai ka karanta jikinsa kamar yadda kake koyon karanta wannan littafi. Idan ya buɗe fukafukai, ya kumbura gashi, ya sunkuyar da kai, yana surutu, to daɗi yake ji, ci gaba. Idan ya matse gashi a jiki, ya gudu lungun keji, yana ihu ko gurnani, dakata. Kada ka bi shi da feshi, kada kuma ka mai da kwalbar bulala idan ya yi maka laifi. Aku ba ya mantuwa, kuma yana iya rayuwa shekara 40 ko fiye. Tsoron da ka dasa masa yau zai daɗe tare da ku. Ga mai tsoro, fara da fesa ruwan a gefe yana kallo, kwana da kwanaki, har ya matso da kansa.

Ku sani kuma, kamun aku ya yi yawa har ya yi ƙaranci a dazuzzuka. A 2016, a wani taron ƙasashen duniya a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, an hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wanda ke hannunka amana ce, ka riƙe shi da kyau.

Agwagwa kuwa ba sai an koya mata wanka ba. Abin da take buƙata shi ne ruwan da zai shanye kanta duka, don ta wanke ido da hanci. 'Ya'yanta ƙanana ne abin lura: gashinsu na jiƙewa, su gaji, su nutse a cikin baho. A ba su ruwa marar zurfi, a sa dutse ko bulo a ciki don su taka su fito.

Lokaci da ruwan da ya rage

Wanka da hantsi ake yi, don tsuntsu ya bushe kafin rana ta faɗi. A hunturu a jira sai rana ta ɗaga sosai, a kauce wa bakin ƙofa da taga inda iska ke kaɗawa. Ranar da sanyi ya yi tsanani a haƙura. Kada a kai jiƙaƙƙen tsuntsu kusa da kaskon gawayi ko murhu, hayaƙi na saurin cutar da numfashinsa. Kada kuma a ajiye keji cikin tsakar rana ba inuwa. Tsuntsun da ba shi da lafiya, wanda ya takure yana gyangyaɗi, ba wanka yake so ba. Likitan dabbobi yake so. Idan kashi ne ya bushe a bayan ɗan tsako, jiƙa ƙyalle da ruwan ɗumi ka goge wurin kaɗai.

Da an gama, a zubar da ruwan, a wanke daron, a kife shi. Tsuntsu yana sha daga ruwan da ya yi wanka, yana kuma yin kashi a ciki. Akwai wani ciwon tattabaru da ke sa wani abu ruwan ɗorawa, kamar ɓarɓashin awara, a cikin baki da maƙogwaro, kuma ta ruwan tarayya yake yaɗuwa. Ruwan da aka bari a buɗe yana jawo tsuntsayen daji, su ma da nasu cututtukan. Manyanmu sun tuna murar tsuntsaye da aka tabbatar da ɓullarta a Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, karo na farko da aka ga wannan nau'in nata a Afirka, da irin kajin da aka yi asara. Sauro ma a irin wannan ruwa yake ƙwai, kuma cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ya zama mai cizo. Sannan kai ma ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Aikin gida

Gobe da hantsi kowa ya zauna ya kalli tsuntsun gidansa, ko na maƙwabci. Rubuta sunan tsuntsun. Rubuta abin da ya yi wanka da shi: ruwa, ƙasa, ko jiƙaƙƙen ganye. Sannan ka rubuta jimla biyu a kan abin da ya yi bayan ya gama. Wanda ba shi da tsuntsu ya leƙa waje ya nemi gwara. Ita tana yin duka biyu, na ruwa da na ƙasa, sai ka rubuto mana wanda ka tarar tana yi.