Darasi: Idan kwamfuta ta ce fayil ɗin DLL ya ɓace

Kun danna manhaja don ku fara aiki, sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfuta da saƙon Turanci, yana cewa ba a sami VCRUNTIME140.dll ba, manhajar kuma ta ƙi buɗewa. Kada hankalinku ya tashi. Galibi kwamfutar lafiyarta lau, takardunku da hotunanku suna nan yadda kuka bar su.

Fayil mai ƙarewa da .dll ɗan guntun umarni ne da manhajoji da yawa ke amfani da shi tare a Windows, kamar akwatin kayan aiki guda da ma'aikata da dama ke ɗauka daga cikinsa. Idan ya ɓace ko ya lalace, duk manhajar da ta dogara da shi sai ta tsaya. Abin da kan jawo haka shi ne wuta ta ɗauke ana tsakiyar girka manhaja, ko an cire wata manhaja ta tafi da fayil ɗin, ko manhajar kariya ta killace shi, ko faifan ajiya ya fara lalacewa. Wani lokaci ma ba a taɓa girka shi ba tun farko.

Ku rubuta sunan fayil ɗin

Kafin ku rufe akwatin, ku kwafe sunan a takarda harafi bayan harafi, har da lambobin. Sunan ne zai nuna muku inda maganin yake.

Idan ya fara da VCRUNTIME ko MSVCP ko MSVCR, fayil ɗin na cikin ƙunshin da ake kira Microsoft Visual C++ Redistributable. Lambar da ke jikin sunan ita ke faɗin shekarar ƙunshin: 100 na 2010 ne, 110 na 2012, 120 na 2013, 140 kuwa na 2015 zuwa gaba, waɗanda aka haɗe wuri ɗaya. Mutane da yawa kan yi kuskure a nan, suna zaton sabon ƙunshi ya wadatar. Na 2015 ba ya maye gurbin na 2010. Manhajar da ke neman MSVCR100.dll sai na 2010 ɗin, kuma babu laifi duk su zauna tare a kwamfuta ɗaya.

Ku je shafin Microsoft ku sauke ƙunshin. Za ku ga iri biyu: x86 na manhajoji masu tsohon tsari na bit 32, da x64 na masu sabon tsari na bit 64. Idan Windows ɗinku mai bit 64 ce, ku girka duka biyun, domin tsofaffin manhajoji masu bit 32 x86 suke nema ko da a sabuwar kwamfuta suke. Idan ƙunshin yana ciki tun da, zai nuna muku maɓallin Repair, sai ku danna shi ya gyara kansa. Daga nan ku kashe kwamfutar ku sake kunnawa.

Sunaye irin su d3dx9_43.dll da XINPUT1_3.dll na DirectX ne, wato ɓangaren Windows da wasanni ke amfani da shi wajen hoto da sauti, tsofaffin wasanni ne suka fi neman su. Ƙunshin DirectX End-User Runtime na Microsoft yana ɗauke da su. Idan kuwa sunan bai yi kama da waɗannan ba, kuma manhaja ɗaya tak ke kuka, to fayil ɗin nata ne. Ku cire ta, ku sake girka ta daga wurin masu ita.

Abin da bai kamata ku yi ba

Da zarar kun rubuta sunan fayil ɗin a intanet, shafuka za su fito birjik suna tayin ba ku shi kyauta. Don Allah ku guje su. Ba ku san wanda ya taɓa fayil ɗin ba, kuma DLL umarni ne da kwamfuta ke aiwatarwa, don haka ana iya cusa masa mugun abu mai satar kalmar sirri. Ko da mai tsabta ne, fayil ɗaya ba ya aiki shi kaɗai, gobe manhajar za ta nemi ɗan'uwansa.

Ga kuma tarkon folda. A Windows mai bit 64, fayilolin bit 64 suna cikin System32, na bit 32 kuma suna cikin SysWOW64, akasin abin da sunayen ke sa mutum ya zata. Wanda ya jefa fayil a inda bai dace ba yakan wayi gari da sabon kuskure mai lamba 0xc000007b, wanda sau da yawa alama ce ta an gauraya bit 32 da bit 64.

Idan fayilolin Windows ne suka lalace

Alamar ita ce manhajoji daban-daban suna kuka lokaci guda. Da farko ku buɗe Windows Security, wato manhajar kariya ta Windows, ku duba Protection history, ko an killace fayil ɗin. Kada ku dawo da shi sai kun tabbata daga wuri amintacce manhajar ta fito.

Sai ku danna Start, ku rubuta cmd, ku zaɓi Run as administrator. Baƙin allo zai buɗe. Ku tabbata akwai intanet, kwamfutar kuma tana jone da wuta, sannan ku rubuta wannan ku danna Enter:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Wannan umarni yana gyara ma'ajiyar da Windows ke ɗauko fayiloli masu kyau daga cikinta. Yakan yi kamar ya maƙale a wani kaso na tsawon mintuna, ku ƙyale shi, kada ku rufe allon. Idan ya gama ku rubuta:

sfc /scannow

Ku lura akwai tazara tsakanin sfc da sandar da ke biye. Shi wannan yana duba fayilolin Windows ɗaya bayan ɗaya, ya musanya lalatattu. Idan ya kai 100%, ku sake kunna kwamfutar ku gwada manhajar.

Idan matsalar ta faro ne bayan wani abu da kuka girka kwanan nan, ku rubuta rstrui a wannan allon, ku zaɓi ranar da komai ke lafiya. Windows za ta koma yadda take a ranar ba tare da ta taɓa takardunku ba, amma manhajojin da aka girka bayan ranar za su fita.

In kuwa kun gyara yau, jibi wani fayil ya sake lalacewa, to ku zargi faifan ajiya. Ku fara kwashe muhimman takardunku zuwa filashi ko wani faifan waje. Bayan haka ku rubuta chkdsk C: /f a baƙin allon nan, ku amsa da Y, ku sake kunna kwamfutar don binciken ya gudana kafin Windows ta tashi. Idan lalacewar ta ci gaba bayan wannan, ku kai wa mai gyara ya gwada faifan, a sauya shi in ya gaza.