Darasi na 6: Takardar Kariya Daga Kotu

'Yan uwa mata, yau karatunmu kan wata takarda ce da mata da yawa nan Sakkwato ba su san akwai ta ba. In wani na dukanki, ko yana bin ki duk inda kinka nufa, kasuwa, makarantar islamiyya, gidan biki, ko ya dame ki da kira da saƙon barazana cikin dare, kina iya roƙon alƙali ya ba da umarni a rubuce cewa ya fita harkarki. Mijinki ne, tsohon miji ne, saurayin da kinka ƙi ne, ko ɗan uwa na cikin gida, doka ba ta ware kowa ba. Namiji ma in shi aka zalunta yana iya nema.

Dokar da ta kawo wanga tsari ita ce ake cewa VAPP, wato dokar hana cin zarafin mutane, gwamnatin tarayya ta yi ta a 2015, jiharmu kuma ta yi tata a 2021 zamanin gwamna Tambuwal.

Abin da mata suka fi tambaya shi ne, Malama ko wannan na nufin aurena ya mutu? A'a, wagga takarda ba saki ba ce, ba kuma ɗauri a kurkuku ba ne, maganar saki ko khul'i tana da nata zama daban a kotun shari'a. Iyaka ce alƙali ke shatawa, ya ce kada ka sake taɓa ta, kada ka je ƙofar gidan da take zaune ko wurin sana'arta, kada ka aiko wani ya tsorata ta. In kuma ya ga ranki na cikin haɗari yana iya ba da ta wucin gadi tun kafin a kira wancan ɗin ya zo ya faɗi nashi.

To amma alƙali da hujja yake aiki, kuma nan ne muke yawan sakaci. Mace za ta sha duka ta gasa wurin da ruwan zafi ta yi shiru, saƙon zagi ya shigo waya ta goge don baƙin ciki, ranar da anka je gaban hukuma sai a ce ina shaida. Don Allah kada ki goge, ko na WhatsApp ne ko na murya. Ki ɗauki hoton ciwon tun yana sabo, ki je asibiti a rubuta miki kati ki ɓoye shi gidan wadda kinka yarda da ita. Cibiyar Nana Khadija da ke asibitin Specialist don waɗanda anka ci zarafinsu anka buɗe ta.

Maganar kuɗin lauya kada ta tsai da ke, akwai ofishin Legal Aid mai taimaka wa marasa hali da lauya, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, su za su nuna miki kotun da za ki je su taya ki cika takardu.

In takarda ta fito ki yi fotokofi, ɗaya cikin jakarki ɗaya wurin Inna ko Yaya. Ya karya umarnin ko sau ɗaya, laifi ne, kai tsaye ki nufi ofishin 'yan sanda da ita a hannu.

Aikin gida: samo ƙaramin littafi, ki gwada rubuta kwanan wata, da lokaci, da abin da ya faru a layi guda. Ki zo da shi aji mu duba rubutun tare.