Kurakuran da aka fi yi wajen shimfiɗa netwok a AWS da yadda ake gyara su

Yawancin matsalolin da ke addabar masu hayar kwamfutoci a AWS, dandalin kilaud na kamfanin Amazon, tun ranar farko ake shuka su, lokacin da mutum ke gaggawar buɗe VPC, wato keɓantaccen netwok ɗinsa a cikin kilaud.

Mafi tsada shi ne zaɓen adireshi da ka. Kusan kowa zangon adireshi na 10.0.0.0/16 yake ɗauka, don shi ya gani a darasi. Ranar da za a haɗa wannan VPC da wani, ko da netwok ɗin ofis ta VPN, wato ɓoyayyiyar hanyar haɗi ta cikin intanet, sai a tarar lambobin sun hau kan juna. Kamar gidaje biyu ne masu lamba ɗaya a layi guda, ɗan aike bai san inda zai kai saƙo ba. AWS ba ya ma yarda a haɗa irin waɗannan VPC kai tsaye, kuma asalin zangon da ka zaɓa ba ya sauyuwa, sai dai ka ƙara wani a kansa. Maganin yana da sauƙi in an yi shi da wuri. Tun 1996 aka ware zango uku don amfanin cikin gida: 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16. Ka buɗe takarda, ka yanka wa kowane aiki nasa kaso kafin ka taɓa komai. Ka kauce wa 172.31.0.0/16 da AWS ke bai wa VPC ɗin da ka tarar a asusunka, da 172.17.0.0/16 da manhajar Docker ke amfani da shi.

Sai ƙanƙanta sabnet, wato yankin da ake yankowa daga zangon adireshin VPC. AWS na riƙe adireshi 5 a kowanne, don haka sabnet /28 mai adireshi 16 zai bar maka 11 kacal, /24 kuma 251.

Wasu suna zaton sanya wa sabnet suna "na waje" ya isa ya buɗe shi ga intanet. Jadawalin hanyoyi ne ke yanke wannan hukunci: sai an rubuta masa hanyar 0.0.0.0/0, wato ta kowane adireshi, zuwa Internet Gateway, mashigar VPC zuwa intanet, kuma sabar ta samu adireshin waje. NAT Gateway kuwa, wanda ke bai wa sabobin ciki damar fita intanet, a sabnet na waje ake ajiye shi, ko da yake na ciki yake yi wa hidima. Ana cajinsa kowace awa da kuma kan yawan bayanan da suka ratsa ta cikinsa, saboda haka zirga-zirgar S3, ma'ajiyar fayiloli ta AWS, a bi da ita ta Gateway Endpoint, hanyar kai tsaye daga VPC, wanda ba a biyan ko sisi.

Abin da ya fi damuna shi ne barin ƙofa ta 22 ko 3389, waɗanda ake shiga saba daga nesa ta cikinsu, a buɗe ga duniya baki ɗaya, wai "na ɗan lokaci". Akwai manhajojin da ba su da aiki dare da rana sai laluben irin waɗannan ƙofofi. Ka taƙaita shiga ga adireshin ofis, ko ka koma Session Manager, hanyar AWS ta shiga saba, wanda ba ya buƙatar buɗe ƙofar shigowa.

A kula kuma da bambancin masu gadi biyu da ke tace shige da fice a VPC. Security Group yana tuna wanda ya bari ya shigo, amsa tana fita da kanta. Network ACL ba ya tunawa, dole ka buɗe wa amsa ƙofofi 1024 zuwa 65535, in ba haka ba haɗin zai tsaya cik ba tare da wani bayani ba. Idan hakan ta faru, kunna VPC Flow Logs, rijistar zirga-zirgar netwok, ka duba layukan da aka ƙi.