Kurakuran 'yan kasuwar Zariya kan takardar shaidar halal

Mai son fitar da kilishi, yaji ko garin citta daga Sabon Gari zuwa waje, in ka ambata masa takardar halal, amsarsa ɗaya ce: "Haba Alhaji, ai mu Musulmi ne, da bismilla mahaucinmu ke yanka." Gaskiyarsa. Sai dai jami'in kwastan na Jidda bai san mahaucin ba. Takarda yake dubawa, da sunan wanda ya sa mata hannu.

A nan aka fi yin asara. Mutum ya biya kuɗi ya karɓo takarda mai tambari da hatimi, sai kaya sun sauka a ce ba a san ƙungiyar da ta bayar ba. Kowace ƙasa da waɗanda ta yarda da su. A Malesiya hukumar JAKIM ke fitar da jerin, a Indonesiya BPJPH, a Saudiyya kuma akwai cibiyar halal ƙarƙashin hukumar abinci da magunguna. Kafin ka biya ko kwabo, tambayi mai sayen kayanka wace takarda ƙasarsu ke karɓa, sannan ka duba jerin da idonka.

Wasu kuma sun ɗauka takarda ɗaya ta wadatar ko'ina. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta kafa cibiyar SMIIC a Istanbul a 2010 don haɗa ma'aunin halal guda, kuma an ci gaba, amma ba a gama ba. Ko batun sumar da dabba da lantarki kafin yanka, har yau ƙasashe sun saɓa, don haka abin da ya wuce a wannan tasha yana iya maƙalewa a waccan.

Sai mantawa da kayan haɗi. Naman halal ne, to sinadarin ɗanɗanon da ka sayo a kwalba fa? Wasu da barasa ake narka su. Masu bincike daga ƙungiyar da ke ba da takardar za su nemi asalin kowane sinadari, har motar da ke ɗaukar kayan da sito. Ka riƙa adana takardun masu sayar maka.

Takardar halal kuma ba ta ɗauke maka rajistar NAFDAC ko gwajin maganin ƙwari ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar waken Nijeriya saboda yawan maganin feshi a jikinsa, wake kuwa ba a yanka shi. Kuma takardar tana da wa'adi, ka duba ranar ƙarewarta kafin ka loda kwantena.