Ku riƙa yin kiyasi kafin ku danna kalkuleta

Salam 'yan uwa. Kiyasi shi ne ka ajiye lamba mai wahala, ka ɗauki ta kusa da ita wadda za ka iya juyawa a ka. Amsar ba za ta fito cif-cif ba, amma za ta nuna maka inda gaskiya take.

Ga misali. Za ka sa tayil a ɗaki mai tsawon mita 4.2 da faɗin mita 3.8. Ka ce huɗu sau huɗu, murabba'in mita 16. Ainihin lissafin 15.96 ne, kusan babu bambanci, domin ka rage wa ɗaya ka ƙara wa ɗaya. Da duka biyun ka ƙara wa, da amsar ta yi sama. To in mai aiki ya ce maka 25, ka san akwai lauje cikin naɗi, ko kuma yatsarsa ta zame a kan waya.

Wajen saye kuwa ka ɗora kamar kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa. Gara ya yi ragowa da ka koma kasuwa a ce kalar ta ƙare.

Amma kiyasi banda maganin yara, don Allah. Wannan a auna shi daidai yadda likita ya rubuta.